Adalci Kafin Ihsani: Darasi Daga Gonakin Gagarawa

A zamanin Gwamna Muhammad Badaru Abubakar, wanda ya hau mulkin Jigawa a 2015, gwamnati ta ware fili mai faɗin hekta 12,000 a Gagarawa da maƙwabtanta domin kamfanin Lee Group ya noma rake ya kafa masana'antar sukari, manoma da dama kuwa suka ƙi amincewa, suna cewa gonakin gado ne da suke noman gero da dawa da riɗi a cikinsu tun kaka da kakanni. Taƙaddamar ta taso da tambaya mai nauyi: idan kamfani ya haƙa rijiyar burtsatse ko ya gina aji a ƙauyen da ya karɓi gonakinsa, shin ya sauke haƙƙin da ke wuyansa?

Dokar filaye ta 1978, wadda ta gaji tsarin da Turawan mulkin mallaka suka shimfiɗa a Arewa a 1910, ta danƙa ƙasa a hannun gwamna a matsayin amana, kuma diyyar da ta tanada ta shuka ce da bishiyoyi da gini, ba ta ƙasar kanta ba. Saboda haka manomin da aka biya shi kuɗin amfanin damina zai iya rasa abin da 'ya'yansa za su gada, alhali kamfani da hukuma suna ganin sun cika ƙa'ida.

Fiƙihun Musulunci ya fi haka tsanantawa. Malamai irin su Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo sun yi rubutu a kan raya mataccen fili, wato haƙƙin da mutum yake samu idan ya sare daji ya nome shi, kuma maslaha, wato amfanin jama'a baki ɗaya, ba ta halatta karɓe irin wannan haƙƙi sai da larura tabbatacciya da cikakkiyar diyya. Adalci shi ne bai wa mai haƙƙi haƙƙinsa, ihsani kuwa ƙari ne a bayansa, don haka wanda ake bi bashi ba ya kuɓuta da sadaka.

Masarautar Gumel, wadda Gagarawa take cikinta, tana buƙatar masana'antu da ayyukan yi, amma wajibi ne hukuma da dagatai da masu unguwanni su nemi yardar manoma a bainar jama'a kafin a kafa turken awo, a rubuta sharuɗɗa, a kuma biya diyyar da za ta sayi wata gona. Sai bayan haka ne rijiya da makaranta za su cancanci a kira su alheri.