Tsallake Shingen Caca: Shin Dabara Tana Halatta Haram?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, caca ta bar rumfar kasuwa ta shige cikin salula. A wasu ƙasashe hukuma takan umurci kamfanonin intanet su toshe shafukanta. Kowane shafi yana da suna da lamba, kuma akwai rajistar da ake kira DNS mai haɗa sunan da lambar. Idan kamfani ya ɓoye sunan a tasa rajistar, sai mai caca ya sauya saitin wayarsa ya nemi rajistar wani, ko ya kewaya ta VPN, shafin ya buɗe. Daga nan sai zuciya ta raya masa cewa tunda ƙofa ta buɗu, babu laifi.

To, wa ya haramta caca tun farko? Allah Maɗaukakin Sarki ne, a Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91, inda Ya haɗa ta da giya cikin ƙazantar aikin Shaiɗan, Ya bayyana cewa tana haddasa gaba da ƙiyayya, tana kange mutum daga ambaton Allah da salla. Shingen kamfani daga baya ya zo. Wanda ya tsallake shi, hukuncin Allah yana nan bisa kansa.

Mu tuna da mutanen Asabar da Suratul A'araf ta ba da labarinsu, aya ta 163 zuwa ta 166. An hana su su a ranar Asabar. Malaman tafsiri sun ce sai suka riƙa kafa taru ranar Juma'a, su kwashe kifi ranar Lahadi. Dabararsu ba ta tsirar da su ba. Mai sauya saiti don ya kai ga caca ya ma fi su rashin uzuri, domin kai tsaye yake nufar haram, bayan an tare shi an ba shi damar tunani.

Wani zai ce, shin VPN ɗin kanta haram ce? Hukuncinta hukuncin wuƙa ne. Ɗan kasuwa yana tsare asirin cinikinsa da ita, babu laifi. Amma malamanmu na mazhabar Imamu Malik sun kafa ƙa'idar saddu zari'a, wato toshe kafar ɓarna: hanyar da aka bi da nufin haram, haram ce. Don haka mai gyaran waya da ke saita wa yara wannan hanya ya karɓi jika ɗaya, ya yi tarayya cikin zunubin, ladan aikinsa kuma ba halal ba ne.

Akwai darasi a Indunusiya. A Yunin 2024 shugaba Joko Widodo ya kafa kwamiti na musamman don yaƙi da cacar intanet. A ƙarshen shekarar ƴan sanda suka kama wasu ma'aikatan ma'aikatar sadarwa, waɗanda aka ɗora wa toshe shafukan, bisa zargin karɓar rashawa suna barin wasu a buɗe. Ashe shinge ba ya tsare gona idan mai gadi ba ya tsoron Allah.

Wannan fitina ta iso gidajenmu. Kuɗin tiyar hatsi da na maganin yaro suna salwanta a kan wasan ƙwallon Turai, uwargida na jiran cefane, maigida na jiran sakamako. Iyaye su san abin da ke cikin wayoyin ɗiyansu. Wanda ya afka ya goge saitin, ya tuba, ya yi sadaka, ya nemi aminin da zai riƙe masa kuɗinsa har zuciya ta natsu.

Allah Shi tsare mu da zuriyarmu, Shi wadata mu da halal. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.