Takin da Ke Barin Bashi ga Jikoki

Idan mutum ya cuci wanda bai taɓa gani ba, har ma ba a haife shi ba tukuna, ko alhakin yana raguwa? Tambayar da takin dagwalon birni ke sa wa a gaban lamiri ke nan.

In an tace ruwan ƙazantar gari, baƙar laka takan kwanta a gindin matata. Lakar nan taki ce mai ƙarfi, ga kuma araha. Amma inda magudanar masana'antu ta haɗu da ta gidaje, takan kwaso dalma da tutiya da tagulla da kadmiyam, ƙarafan da ba sa ruɓewa. A gonar gwaji ta Woburn a Ingila, an zuba irin wannan laka daga 1942 zuwa 1961. Bayan fiye da shekara 20 da dainawa, masana sun tarar yawancin ƙarafan na nan a saman ƙasar.

Saiwa takan zuƙi kadmiyam, musamman a ƙasa mai tsami, kuma ganyaye irin su latas da alayyafo sun fi tara shi. Wanki ba ya fitar da abin da ya riga ya shiga cikin ganye. In ya shiga jiki kuwa, yakan taru a ƙoda ya zauna shekaru da dama.

Wani zai ce yunwar yau ta fi ciwon gobe gaggawa. Maganar tana da nauyi, domin talakan manomi ba mugunta ta kai shi ga taki mai araha ba. Sai dai ribar tasa ce, hasarar kuwa ta uwar da ta sayi ganye a kasuwa ce, da jikan da zai gāji gonar. Ba wanda ya nemi yardarsu.

Saboda haka alhaki ya fi nauyi a kan wanda ya sani: mai masana'anta da ke sakin dagwalo, da hukumar da ke da ikon gwada shi. Ƙasashen Turai sun kafa iyakar ƙarafa a irin wannan taki a 1986, Amurka kuma a 1993. Manomin da aka faɗakar, shi ma uzurinsa ya ƙare.

Gona amana ce daga Mahalicci. Mai riƙon amana ba ya cin moriyar shekara guda ya bar wa magada ƙasa mai dafi, domin jikan da ba a haifa ba, shi ma maƙwabci ne.