Ɗana, kada ka raina Faransancin da aka ba ka

Ɗana, an gaya mini tun ranar da sunayen jami'a suka fito ka ɗaure fuska. Karatun lauya ka nema, aka ba ka Faransanci, abokanka kuma suna ta yi maka tsiya wai za ka yi shekara huɗu kana koyon gaisuwa. Zauna mu yi magana.

Shekarun baya na je Kwatano sayen mota. Ciniki ya faɗa da Hausa, domin tashar cike take da mutanenmu. Da aka zo kan takardu sai na koma kurma kuma makaho. Wani dillali ya karanta mini abin da ya ga dama, na sa hannu, sai a kan iyaka na gane an cusa kuɗin da ba mu yi da shi ba. Ranar na tabbata zuwa da kai ya fi aike, amma fa in kana jin abin da ake faɗa. Dubi maƙwabtanmu: Nijar, Chadi, Kamaru da Benin, babu inda ba a aikin ofis da Faransanci. Hausarka za ta saya maka albasa a Galmi, ta kai ka kasuwar Maraɗi ka dawo. Takardar kwastan da ta banki da yarjejeniyar kwangila kuwa, ba da ita ake rubuta su ba.

Aikin ma yana nan. Hedikwatar ECOWAS a Abuja take, da harsuna uku take aiki: Ingilishi, Faransanci da harshen Fotugal. Hukumar Tafkin Chadi, wadda aka kafa a 1964, tana Njamena. Duk taron da za su yi sai da tafinta, mutum biyu a ɗan akurkin gilashi, kowa ya yi kamar rabin awa ya miƙa wa ɗan'uwansa, saboda ƙwaƙwalwa ba ta jure fiye da haka. Ga ofisoshin jakadanci, ga ƙungiyoyin agaji da ke aiki tsakanin Borno da Diffa, ga koyarwa, wadda ban yarda ka raina ba.

To, amma ga inda nake so ka buɗe kunne. Takardar digiri ba ta magana. Na ga yara sun fito da sakamako mai kyau, sun haddace nahawu, amma a ce su tambayi hanyar asibiti sai gumi. Abin da ke kashe su kunya ce, tsoron kada a yi musu dariya. A shekararka ta uku za a tura ku ƙauyen koyon Faransanci na Badagry, wanda gwamnati ta kafa a 1991 don ɗalibi ya kwana ya tashi cikin harshen, kamar yadda ake tura ɗaliban Larabci tasu cibiyar. Ka san abin da 'yan Arewa ke yi in sun je? Su kama ɗaki ɗaya, su dafa abinci tare, su yi ta hira da Hausa har a tashi. Kada ka yi haka. Zumunci yana nan in kun dawo. Ka nemi mutumin Benin mai sayar da burodi ka dame shi da surutu, ya gyara maka, ya yi dariya, ka maimaita. Tun yanzu ma, labaran da ka saurara a sashen Hausa na RFI, ka juya ka ji su da Faransanci. Kafin ka gama kuma ka zauna jarrabawar DELF, domin ita ake ganewa a waje. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Harshe shi kaɗai bai cika ƙosar da mutum ba, sai an haɗa shi da wata sana'a. Ka koyi lissafin kuɗi ko aikin jarida ko harkar shigo da kaya. Da 'yan Kantin Kwari masu zuwa Guangzhou za su sami yaron da ya iya Sinanci kuma ya san yadi, ai da ba su sake shi ba. Lauyancin da kake kuka a kai ma bai gudu ba, lauya mai Faransanci kuwa ba su da yawa.

Kada kuma wani ya ce maka koyon harshen Nasara zubar da addini ne. Manzon Allah (SAW) da kansa ya umarci Zaidu bin Sabit ya koyi rubutun Yahudawa don ya riƙa karanta masa wasiƙu. Hausarka ma ka riƙe ta da kyau, ka iya rubuta ta da ƙa'ida, don mai fassara da ba ya da ƙarfi a harshen uwarsa, aikinsa ɗanye yake fitowa.

Gobe da safe ka je ka yi rajista. Takardun motar nan suna cikin akwatina har yau. In ka dawo hutun farko zan ɗauko maka su, ka karanta mini abin da na sa wa hannu.