Tuban Muzuru

Ranar Lahadi, 18 ga Fabrairu, 2001, jami'an FBI suka damƙe wani abokin aikinsu a wani dandali a jihar Bajiniya ta Amurka. Robert Hanssen ya gama maƙale ledar shara cike da takardun sirri a ƙarƙashin wata gadar katako, don Rashawa su zo su ɗauka. Ɗan Katolika ne, ɗan ƙungiyar Opus Dei, uban 'ya'ya shida, kusan kullum sai ya je coci da sassafe, ga shi da zafin ƙin kwaminisanci a baki.

Abin da ya tsaya mini a rai ya faru ne shekara ashirin kafin wannan rana. A 1979 ya fara sayar wa Tarayyar Sobiyet asiri. Ba a jima ba matarsa ta tarar da shi a ɗakin ƙasa yana ɓoye wasu takardu. Ta matsa, ya amsa, amma ya ce mata tarkacen bayanai ne marasa amfani ya sayar. Ta ja shi wurin limamin cocinsu. Da farko limamin ya ce ya miƙa kansa ga hukuma, daga baya ya sassauta, ya ce ya sadakar da kuɗin. Hanssen ya ce ya yi, ya kuma yi wa matar alkawarin ya daina.

Nan ne tuban ya lalace. Ya furta laifi a inda ya san maganar ba za ta fita ba, ya rage mata nauyi tun kafin ya faɗa, ya biya da kuɗin da dama ba nasa ba ne. Aikinsa yana nan, mutuncinsa yana nan, waɗanda ya ci amanarsu ba su ji komai ba. Ban ɗora wa addininsa laifi ba, domin koyarwar cocin ta ce sai da nadama ta gaskiya da ƙudurin barin zunubi ake samun gafara, kuma mu ma mun san haƙƙin wani ba ya sauka da istigfari kaɗai. Limamin kam ina ganin tausayi ya rinjaye shi a inda tsanani ne rahama.

Muzuru ya lafa shekaru kaɗan, kaza na bakinsa. A watan Oktoba na 1985 ya rubuta wa KGB, hukumar leƙen asirin Sobiyet, wasiƙa, ya ba su sunayen jami'ansu uku da ke yi wa Amurka aiki a ɓoye. Wani maci amanar, Aldrich Ames na CIA, ya riga shi tona su, wasiƙar Hanssen ta tabbatar. Aka kashe Valery Martynov da Sergei Motorin a Mosko, Boris Yuzhin ya tafi kurkuku. Hanssen ya ci gaba da karɓar daloli da lu'ulu'u, ya ci gaba da durƙuso a coci.

A 2002 aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Ya mutu a kurkukun Florence da ke Kolorado a watan Yuni na 2023.