Jirgi ya gajarta hanya, takarda ta tsawaita ta

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya ku ƴan'uwa musulmi, a Disamba 1903 wasu ƴan'uwa biyu, Wilbur da Orville Wright, suka tada jirgin farko mai inji a Amurka. Tashin farko bai wuce daƙiƙa 12 ba. A 1909 Bafaranshe Louis Blériot ya ƙetare teku daga Faransa zuwa Ingila ta sama. Tun kafin su, a ƙarni na 9, Abbas ibn Firnas ya gwada tashi da fukafukai a Ƙurɗuba ta Andalus.

A wancan zamani kakanninmu da ƙafa suke zuwa Makka, ta Cadi da Sudan. Wani ya shekara biyu, wani goma, yana noma a hanya yana neman guzuri. Zuriyar waɗanda suka yada zango suna Sudan har yau. Ƙishirwa da ciwo da ƴan fashi ke tare su. Yau sa'o'i kaɗan ke tsakanin Yamai da Jidda, amma abin da ke tare matafiyi takarda ce.

A Janairu 2017 gwamnatin Amurka ta hana ƴan ƙasashe 7 shiga, dukansu masu rinjayen musulmi: Iran, Iraƙi, Libiya, Somaliya, Sudan, Siriya da Yaman. An soke hanin a 2021, sa'an nan a 2025 aka kafa wani sabo, wanda ya haɗa da Cadi.

To, shin ƙasa tana da hakkin tsaron iyakarta? Ƙwarai kuwa. Mai gida ke da ikon ƙofarsa, kuma neman izni kafin shiga tarbiyyar Musulunci ce. Amma binciken mutum daban, hukunta shi don ƙasar da aka haife shi daban. Shari'a ba ta kama wani da laifin wani. Ɗalibi mai neman ilmi, da majinyaci, da uwa mai son ganin ɗanta, wane laifi suka yi?

Sai dai kafin mu nuna yatsa, mu dubi kanmu. Baƙi nawa ke ratsa tashoshinmu zuwa Agadas, muna tsauwala musu kuɗin mota da na masauki, muna kiransu ɓarayi alhali ba mu san su ba? Wanda ya san zafin a kore shi don fasfonsa bai kamata ya wulaƙanta baƙo don harshensa ba.

Allah Ya ba ɗan Adam basirar ƙera jirgi. Adalcin wanda zai hau shi kuwa amana ce a wuyanmu, kuma za a tambaye mu.

Allah Ya kai matafiya lafiya, Ya sa mu cikin masu girmama baƙo. Amin.