Ko Zunubin Ɗan Caca Ya Halatta Jininsa?

A birnin Las Vegas na Jihar Nevada ta Amurka, inda aka halatta caca tun 1931, dare kan cika da jama'a kamar rana. Musulmi ma sukan je can taron kasuwanci. Abin da akan gaya wa baƙo shi ne ya bi babban titi mai fitilu, kada ya ratsa lungu shi kaɗai, kada ya ƙirga kuɗi a fili. Duk daidai ne, gama kiyaye rai da dukiya yana cikin manufofin Shari'a.

To, amma in ka ga ɓarayi sun tare wani da ya fito daga gidan caca, ya sha ya yi tatil, sai ka ce Allah shi ƙara, ka wuce? Wasu haka za su ce. Ni kam ban yarda ba. Aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta haramta giya da caca, amma ba ta halatta wa ɓarawo jinin mai yinsu ba. Zunubinsa yana tsakaninsa da Ubangijinsa, zaluncin kuwa a gaban idonka ake yin sa. In ba ka da ikon shiga tsakani, lambar kiran 'yan sanda a can ita ce 911.