Hayar Mota a Ƙasar Waje: Wa Ke Ɗaukar Asara a Mahangar Fiƙihu?

Haya a fiƙihu ita ce sayar da amfanin abu na wani lokaci sananne a kan kuɗi sananne, alhali abin yana nan mallakar mai shi. Malaman Malikiyya, mazhabar da mafi yawan Musulmin Kano ke bi, suna kiran ɗaukar mutum aiki ijara, suna kiran hayar dabbobin hawa da jiragen ruwa da gidaje da gonaki kira'i. Hayar mota tana cikin kashi na biyu. Halaccinta ba abin saɓani ba ne. Inda magana take shi ne idan motar ta lalace a hannun wanda ya ɗauke ta: mai ita ne zai ɗauki asarar, ko mai haya?

Tambayar tsohuwa ce a Fagge. A da unguwar zango ce a wajen ganuwar birnin Kano, inda ayarin raƙuman Buzaye daga Azbin ke sauka, fatake kuma suna sufurin raƙuma da jakuna don kai kayansu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Sabon Gari ta kafu a gefen Fagge bayan haka, mota kuma ta karɓi aikin dabba. A yau 'yan kasuwar Kantin Kwari da na kasuwar Sabon Gari suna canjin kuɗi a Wapa, su tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Dubai ko Jidda ko Landan, wasu don saro kaya, wasu don Umara ko hutu da iyali. A gida an fi sabawa da shata, inda ake ɗaukar mota da direbanta. Tunda motar ba ta bar hannun direba ba, fasinja ba ya biyan lalacewarta. A ƙasar waje kuwa, kamfani irin Hertz ko Avis yana miƙa wa matafiyi makulli ne ya tuƙa da kansa, hukuncin kira'i ya hau kansa kai tsaye.

Asalin hukuncin yana cikin Risalar Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, da Muhtasar na Shaihu Halil, littattafan da har yau ake karantawa a zaurukan malaman Kano. Mai haya amintacce ne. Idan abin ya halaka a hannunsa ba da laifinsa ba, babu ramuwa a kansa, kuma ana gaskata maganarsa sai in ƙaryarsa ta bayyana. Dalilin shi ne ya riƙi abin da izinin mai shi, ya kuma biya kuɗin amfaninsa. Wanda ke cin ribar dukiya shi ya cancanci ɗaukar asararta. Abu biyu ne ke ɗauke masa wannan kariya: ƙetare iyaka da sakaci. Wanda ya ɗauki raƙumi zuwa Zariya ya wuce da shi Bida, ko ya ɗora masa kayan da suka fi wanda aka yi jinga a kai, ya zama mai lamuni. A mota, kwatankwacin haka shi ne gudun wuce ƙa'ida, da ƙetare iyakar ƙasa ba da izini ba, da shiga rairayin sahara da ƙaramar mota, da barin ta a buɗe, da miƙa makulli ga wanda sunansa ba ya cikin takarda.

Malikiyya sun kuma bambance hayar dabba ayyananniya da hayar da ke kan wuyan mai bayar da ita. Idan ayyananniya ta mutu a hanya, hayar ta warware a abin da ya rage. Idan kuwa siffa aka ambata, wajibi ne mai dabba ya kawo wata. Kamfanonin zamani sun fi bin hanya ta biyu, domin abin da suke alkawari shi ne mota iri kaza ko makamanciyarta. Saboda haka in injin ya tsaya ba da laifin matafiyi ba, haƙƙinsa ne a musanya masa.

Sai dai takardar da ake sa wa hannu a teburin kamfani ta juya asalin hukuncin. Tana ɗora wa mai haya biyan ɓarna har zuwa wani adadi, ko da wani ne ya goge motar tana ajiye, kuma ana riƙe kuɗin ajiya a katinsa na banki har ya dawo da ita. Mafi yawan malaman da suka gabata sun ce sharaɗin ɗora lamuni a kan amintacce ɓatacce ne, a wurin Malikiyya ma yana ɓata hayar kanta. Wasu malaman zamani sun halatta shi. Hujjarsu ita ce Musulmi suna kan sharuɗɗan da suka yarda da su, kuma Imamu Malik da kansa ya ɗora lamuni a kan masu sana'a irin madunki da marini, duk da asalinsu amintattu ne, don kada dukiyar mutane ta tozarta. Kamfanin da ya ba baƙo mota, baƙon da zai bar ƙasar bayan mako guda, ba shi da hanyar tabbatar da sakacinsa, don haka maslaha ta nemi a juya nauyin.

Daga nan batun inshora ya shigo. Majalisar fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta yanke cewa inshorar kasuwanci haramun ce saboda gararin da ke cikinta, domin mai biya bai san ko zai karɓi wani abu ba, ta kuma halatta inshorar taimakekeniya, wato takaful. Shaihu Mustafa Azzarƙa na Siriya ya saɓa, yana ganin kwanciyar hankalin da ake samu ita ce abin da aka saya. An kafa kamfanin takaful na farko a Sudan a 1979, a Nijeriya kuma hukumar NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013. Matafiyi a Ingila ko Faransa ba ya samun wannan zaɓi. Inshorar da ke biyan wanda aka buge doka ce ta wajabta ta, kamfani ne ya ƙulla ta, kuɗinta na cikin kuɗin haya. Ko masu haramtawa suna ɗauke laifi daga wanda doka ta tilasta, kuma ƙa'ida ce sananniya cewa ana yafe garari idan ya zo a matsayin mabiyi, ba shi ne abin nufi a ciniki ba.

Abin da ya rage wa zaɓin matafiyi shi ne ƙarin kuɗin da ake biya kullum don kamfani ya yafe masa ɓarna. Masu tsanantawa suna ganin inshora ce da wani suna. Masu sassautawa suna cewa idan kamfanin da kansa ne ya yafe, babu wani na uku, to haya ce mai farashi biyu: mai arha da lamuni, mai tsada ba lamuni, matafiyi ya zaɓi ɗaya kafin a ƙulla. A wannan fahimta, ƙarin kuɗin yana mayar da shi ne matsayin amintacce da fiƙihu ya ba shi tun farko. Idan kuwa daga wani kamfanin dabam ya sayi kariyar, ta koma inshora zalla, saɓanin da aka ambata ya hau kanta.

Sauran caje-cajen sun fi sauƙin hukunci. Kuɗin ratsa titi na Salik da Dubai ta fara a 2007, da tarar da na'urorin Saher ke yankewa a Saudiyya, suna kan wanda ya tuƙa. Wanda ya makara da mota yana biyan hayar lokacin da ya ƙara, wannan kuma ba riba ba ce, domin amfani ya ci. Riba tana shigowa ne idan da katin bashi aka biya, aka jinkirta har ruwa ya hau.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke sauke amana. Zaton da wasu ke yi cewa kayan kamfani ba na kowa ba ne, ko dukiyar wanda ba Musulmi ba tana da sauƙin hukunci, ba shi da tushe. Wanda ya shiga ƙasa da biza ya shiga da alkawarin kiyaye dukiyar mutanenta, Annabi (SAW) kuma ya bar Sayyidina Ali a Makka lokacin Hijira don ya mayar wa Ƙuraishawa ajiyarsu. Ɓoye ƙarzuwar da mutum ya yi, ko ƙarya a kan wanda ke tuƙi lokacin haɗari don inshora ta biya, cin dukiya ne da ɓarna. Idan kuma rai ya salwanta ta kuskuren direba, inshora tana iya biyan diyya ga magada, amma kaffarar azumin wata biyu a jere da Suratun Nisa'i ta wajabta tana kan direban shi kaɗai, babu kamfanin da zai ɗauke masa ita.